A Ba Malamin Ba da Shawara Ofis da Lokaci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani aiki da aka yi wa riƙon sakainar kashi a makarantunmu na sakandare, wato aikin malamin ba da shawara.

Tun 1977 manufar ilimi ta Najeriya ta amince cewa ɗalibai na buƙatar mai yi musu jagora. Amma a makarantu da dama, ko akwai shi, an cika shi da darussa, ba shi da ofis. Yaro ya gama JS3 ya faɗa ajin kimiyya don abokinsa yana can, ko don mahaifinsa na son likita a gida. Sai an zo cike fom ɗin JAMB a gane darussansa ba su dace da kwas ɗin da yake nema ba. Shekara guda ta salwanta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin sirri. Yarinyar da ake tsangwama, ko yaron da ya fara shan maganin tari mai kodin, ba za su buɗe baki a ɗakin malamai ba, inda kowa ke kasa kunne. Kuma kada a haɗa wannan aiki da na malamin horo, domin ba a kai kuka wurin mai riƙe da bulala.

Ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi su tura ƙwararre kowace sakandare, a makarantun mata a tura mace, a rage musu darasi, a ba su ɗaki mai ƙofa.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Zariya