Sadakar Arba'in ɗin Ɗanmu: Saƙo ga 'Yan Uwa Mazauna Waje

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke Jidda, Kumasi, Landan, Amurka da duk inda neman abinci ya kai ɗan garinmu, muna gaishe ku, muna kuma yi wa juna gaisuwar rashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Juma'a mai zuwa ɗanmu da 'yan bindiga suka harbe a gona zai cika kwana arba'in da rasuwa.

Da yawanku kun baro shi yana ɗan yaro, yana rataye da allo. Amma ko ba ku san fuskarsa ba, kun amfana da shi. Shi ne mai shagon cajin waya na bakin tasha, wanda yake ciro wa tsofaffinku kuɗin da kuke turowa, ya kai musu har ɗaki, ya ƙirga a gabansu. A shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, muka yi makonni ba mu ji muryar kowa a gida ba, shi yake bin motar kasuwa har cikin birnin Katsina, ya turo mana saƙonnin iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya koma musu da namu. Bai taɓa cewa a biya shi kuɗin mota ba.

Ranar da abin ya faru ya je taya mahaifinsa noman dawa ne, a gonar da ba ta da nisa da gari. Tun daga satar ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 kowa ya san halin da garuruwan bakin dajin Rugu suke ciki, amma wanda bai yi noma ba me zai ci? Ɗan fari ne, mahaifiyarsa ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya. Matan da ke tare da ita sun ce ranar da aka shigo da shi gida, ranar ta kira shi da sunansa. Allah ya jiƙansa, ya karɓi shahadarsa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Akwai magana guda da ta tsaya mana a rai. Har yanzu hoton gawarsa yana yawo a zaurukanmu na WhatsApp. Don Allah, don Annabi, duk wanda yake da shi ya goge. Mun san wasu sun tura ne don duniya ta ga irin zaluncin da ake mana, ba mu zargi niyyar kowa ba. Sai dai ƙanwarsa a waya ta fara ganin hoton tun kafin a sanar da gida, kuma ya biyo ta hannun mu na waje ne. Wannan ya yi mana ciwo ƙwarai. Mai son tunawa da shi, akwai hotonsa na sallar bara a wurin sakatare.

Wasu matasanmu sun kawo shawarar a tara kuɗi a saya wa 'yan gari makamai. Mun fahimci zafin zuciyar, mu ma muna jin sa. Shugabanni sun zauna, sun ce ƙungiya ba za ta sa hannu a wannan ba. Za mu rubuta wa ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha a ƙaro jami'an tsaron al'umma, irin waɗanda aka ƙaddamar a 2023, su riƙa raka manoma har a gama girbi.

Gudummawar da za a tara kuwa, ta gidansu ce: abincin shekara, tunda an bar gonar, sai kuɗin makarantar ƙannensa, da ɗan jarin da zai hana shagon rufewa. Kowa ya miƙa wa wakilin ƙasar da yake, ma'aji zai karanta lissafi a taro na gaba.

Za mu yi masa saukar Alƙur'ani daren Juma'a, mai son ɗaukar izu ya sanar da wuri. Masu kiran gida don ta'aziyya, ku bari sai bayan la'asar agogon Najeriya, kuma kada a tambayi Inna yadda abin ya faru. A yi mata addu'a kawai.

Wassalam,
Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya