Kafin a sayi kwale-kwale da inji, a tambayi masu fito

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka, maganar jirgin ruwa ce ke cina. Duk damina in kogin Kaduna ya cika sai ka ji ana ta kiran a sayo wa mutanen bakin ruwa jirage masu inji, ba laifi kam, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya ce wane irin jirgi ko wane irin inji ba, kuma wallahi nan gizo ke saƙar.

Mu mun ɗanɗana. Kawuna fito yake yi tun muna yara, da gora da filafili, shekaru sun ja ƙarfi ya ragu sai muka haɗa kuɗi mu 'ya'yan gida muka sayo masa inji ɗan kwatano mai ƙarfin doki 40, mu a tunaninmu babba ai ya fi. Kawu ya kalle shi ya ce yara wannan ba na jirgina ba ne, muka ce tsohon zamani ne ke damunsa. Ranar da aka ɗaura shi bayan jirgin ya nutse saura kaɗan ruwa ya shigo, goshin ya ɗaga sama kamar doki ya yi tsaye, don injin 40 ya haura kilo 60 shi kuma na doki 15 bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya zai saɓa shi ya kai gida da yamma. Ga shan mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kuɗin fiton yini ba ya mayar da kuɗin fetur ɗin.

Sai maganar tsawon ƙafar injin, wato ɓangaren da ke sauka cikin ruwa da farfela, wannan ko mai sayarwa bai gaya mana ba. Akwai gajera wajen inci 15, akwai doguwa inci 20, kuma da tsayin katakon bayan jirgi ake auna ta. Namu doguwa ce, kogin nan kuwa kowa ya san shi da rani, duwatsu ne da yashi, sati biyu farfela ta daki dutse ta karye. Aka gyara, yashi ya cinye robar da ke jawo ruwan sanyaya inji, kawu bai san ana duba ɗan ruwan nan da ke tsartuwa ta baya ba, in ya tsaya to a kashe inji nan take. Haka muka sayar da asara muka koma Yamaha Enduro mai doki 15, irin wanda ake haɗa fetur da man inji a tanki ɗaya. Yana hayaƙi, yana ƙara, na yarda, amma kayansa ana samu kuma duk bakaniken da ya iya kafireto da filogi zai taɓa shi. Awon haɗin man dai a bi abin da littafin injin ya ce, ba a yi da ka.

Wani abokina da ke bin harkar Turawan nan masu yawon teku da jirgin da iska ke turawa ya ce su ma ƙaramin jirgin da suke sauka gaɓa da shi, abin da suke fara dubawa shi ne ko za su iya ɗaga injin da hannu. Da yawansu na roba suke amfani da shi wanda ake hura wa iska. Mu a nan ni dai ban ba da shawara ba, ranar Kaduna za ta gasa robar, ga ƙugiyar masunta ga kaifin dutse. Na katako ko na faiba ya fi mana, na katako ma kafinta zai toshe maka shi a bakin ruwa.

Kuma kowane jirgi yana da iya mutanen da zai ɗauka, babban inji ba ya ƙara masa wuri, sai dai ya sa direba ganin zai iya. Mun ga haɗarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a 2021, da na Patigi a Kwara a 2023 inda 'yan biki sama da 100 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Don haka duk ɗan siyasa ko ƙungiyar da za ta raba jirage bana, a rage girman injin a sa ragowar kuɗin a rigunan ruwa masu hana nutsewa, har da na yara, da igiyar nan da direba ke ɗaurawa a hannu wadda ke kashe inji in ya faɗa ruwa, a bar filafili biyu a ciki ko da inji zai ƙi tashi a tsakiya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta sa ido, sannan kafin a biya kuɗi a kira sarkin ruwan wajen ya zo da ma'auni ya auna bayan jirgin.

Naku,
Mai karatu daga Kabala, Kaduna