Ƙanƙarar da ba ta sauka garinmu ba

Yamai, ranar Lahadi

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mutanen Tawa duk lau suke, Inna ta ce kar ka manta da ita a addu'a.

Na ga hoton da ka turo daga Kanada, kana tone motarka daga cikin ƙanƙara da shebur. Na yi dariya har da hawaye. Ba'adaren da ko hunturun Tawa sai ya kwana da kasko! To ka gode wa Allah ba ka isa can shekaru 21,000 da suka wuce ba. Lokacin ƙasar tana danne ƙarƙashin ƙanƙarar da kaurinta ya kai kilomita 3 a wasu wurare, ruwan teku kuma ya ja baya da wajen mita 120.

Darasin da nake yi wa ɗalibaina ke nan a makon nan, sai wani ɗan bayan aji ya ce, "Malam, mu da ko ta firiji wuya take mana, ina ruwanmu?" Ya kama ni, sai da na kwana ina tunani.

Ƙanƙarar ba ta zo nan ba, amma ta riƙe ruwan duniya. Damina ta yi rauni, Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Washegari na ce musu su tuna tafki idan rani ya tsananta: yakan rabu gida-gida, kifin wannan kududdufi ba ya ganin na wancan. Haka namun daji suka maƙale a ƴan wuraren da suka rage da ruwa da itatuwa, kowane garke yana haihuwa a cikin kansa shekaru dubbai, har ƙwayoyin gadonsa suka kama tasu hanya. Idan lema ta dawo, wasu su sake gamuwa, wasu kuma kurmi ya bunƙasa ya shiga tsakaninsu. Ba sau ɗaya aka yi ba, an yi ta kai da komo.

Ka ji inda abin ya ɗaure min kai. Zakin gandun dajin W, a jini ya fi kusa da zakin dajin Gir na Indiya a kan na Afirka ta Kudu. A 2017 ma masana suka haɗa namu da na Indiyan a reshe guda. Kadan nan namu kuwa, a 2011 aka nuna ba iri ɗaya ba ne da babban kadan kogin Nilu, kuma dangin namun na nan cikin ramukan ruwa a duwatsun Muritaniya da Ennedi ta Chadi, tun zamanin da Sahara take kore. Su ma raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabous, arewa da Agadas, ai ganinsu masu sassaƙar suka yi.

Ka tuna zuwanmu Kure, dajin raƙuman dawa kusa da Yamai, muna ɗalibai? Wata raƙumar dawa ta zuro dogon harshe tana tsintar ganyen gawo tsakanin ƙaya, wani manomi yana gefe yana ƙorafin wakensa. Ashe irin da babu shi ko'ina sai nan muke kallo. Waɗanda gidajen namun daji na Faransa suke ɗauka irinsu ne, bincike ya nuna a 2007 cewa na Kurdufan ne. Namu a 1996 saura 49 kacal. Yanzu sun haura 600, har an ɗauki 8 an kai su gandun dajin Gadabeji a 2018, kowa yana ta murna. Ni murnata rabi ce. Kamar gari ne da yunwa ta cinye iri, aka shuka kowace gona daga rumbu ɗaya: hatsi zai yi, amma cutar da ta ka da gona ɗaya tana iya bin sauran. Wannan karon kuma ba sanyi ya matse su ba, fari ne da gatarinmu da bindiga.

Rabona da Kure tun harin da ƴan bindiga suka kai can a 2020. In ka zo hutu kuma hanya ta yi daɗi, za mu kai yara. Ka duba ko hotunan tafiyarmu suna wurinka, nawa gara ta cinye.

Naka har kullum,
abokin zamanka a benci