Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban NITDA: Tarkacen Imel Ya Ragu, Amma Saƙon Gwamnati Na Faɗawa Shara

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, Darakta Janar na hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai shagon kafe ne a Kabuga, nan birnin Kano. Yawancin masu zuwa wurina ɗalibai ne da masu neman aiki: wannan zai cike JAMB, wancan rajistar bautar ƙasa, wani kuma fom ɗin soja ko Kwastam. Sana'ar ta sa kullum ina zaune gefen mutane suna buɗe imel ɗinsu, kuma abin da nake gani a akwatunan nan ne ya sa na rubuto maka.

Tarkacen saƙonni ya ragu, wannan ba abin musu ba ne. Wanda ya buɗe Yahoo a zamanin da ake sayen lokaci awa-awa a kafe ya san yadda rabin kuɗinsa ke ƙarewa wajen goge tallan magani da albishir ɗin cin cacar da bai taɓa shiga ba. A 2004 Bill Gates ya yi alkawarin cewa cikin shekara biyu za a gama da matsalar, sai abin ya ƙara ta'azzara, har ya kai wajen 2009 kusan tara cikin kowane saƙo goma da ke yawo a duniya shara ne. Sauƙi ya fara samuwa ne da aka bi tushen abin. A Nuwamban 2008 aka yanke wa kamfanin McColo na Kalifoniya, wanda masu tura tarkacen ke amfani da na'urorinsa, layin intanet, nan take tarkacen duniya ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku, duk da cewa ya sake tasowa bayan 'yan watanni. A Maris 2011 Microsoft da hukumomin Amurka suka rusa Rustock, tarin kwamfutocin jama'a da aka kame ana tura saƙo da su ba da sanin masu su ba. Zuwa Yunin 2015 kamfanin Symantec ya ce tarkacen ya sauka ƙasa da rabin duk saƙonnin imel, karo na farko tun 2003. Google ma ya ce Gmail na tare fiye da kashi 99.9 cikin 100 na irin waɗannan saƙonni, kusan biliyan 15 a kowace rana.

Sai dai ɗan abin da ke tsallake matatar da ke tace saƙonnin imel ya fi na da haɗari. A da doguwar wasiƙa ce da gurguwar Turanci, wai daga matar wani tsohon shugaba mai neman wanda zai ajiye mata miliyoyin daloli, irin wadda ta ɓata wa Najeriya suna a duniya. Yaron sakandare ma dariya yake yi mata. Na yanzu gajere ne, da cikakken sunanka, da tambarin hukuma, wani lokaci har da sunan makarantar da ka gama. "An ɗauke ka aiki, ka biya kuɗin tantancewa kafin Juma'a." "Za a rufe BVN ɗinka, latsa nan." Turancin ya gyaru, har da Hausa ake turowa. Da yawa kuma sun bar imel sun koma WhatsApp da saƙon tes, inda lambar 2442 da hukumar sadarwa ta NCC ta fito da ita a 2016 ke tsayar da tallan kamfanonin waya kawai, ɗan damfara kuwa ko a jikinsa.

Ga inda abin ya shafi ofishinka kai tsaye. Matatar Gmail ba ta san Darakta ba, ba ta san Babban Sakatare ba, shaida kawai take dubawa. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara, Google ya ce duk mai tura saƙo sama da 5,000 a rana dole ya kafa SPF da DKIM da DMARC. A taƙaice, waɗannan su ne ke nuna wace na'ura ce ke da izinin turawa da sunan hukuma, su buga wa saƙon hatimin da ba a iya kwaikwaya, su kuma faɗi abin da za a yi da duk saƙon da ya zo ba hatimi. Hukumar da ba ta kafa su ba, saƙonta na gaskiya zai iya zarcewa akwatin shara, wato Spam, kuma kowa na iya aron sunanta. Na sha ganin matashi ya zo yana tambayar ko sunaye sun fito, mu leƙa Spam mu tarar da takardar gayyatarsa ta tantancewa, ranar ta riga ta wuce. A akwatin gaba kuwa ga na bogi nan zaune daram.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tsarin da ya wajabta wa ma'aikatu yin aikin gwamnati da adireshin .gov.ng, wanda hukumarka ce ke kula da rajistarsa. Amma har yau takardar ofis na fitowa da adireshin Gmail ko Yahoo a ƙasanta, a tarayya da jiha da ƙananan hukumomi. To, ranka ya daɗe, da wane baki zan ce wa yaro kada ya yarda da saƙon ɗaukar aiki da ya fito daga Gmail, alhali na gaskiyar ma daga can yake zuwa? Wannan ce dabara mafi sauƙi da za a koya wa talaka, duba ƙarshen adireshin, kuma gwamnati da kanta ta lalata ta.

Akwai kuma tambayar inda suke samo sunayen. Kowane tallafi da fom ɗinsa, kowane ɗan siyasa da rajistar matasansa, a karɓi suna da lambar waya da imel da NIN, ba wanda ya san hannun da suke ƙarewa. Ba zan wanke 'yan sana'armu ba, akwai masu buɗe wa ɗalibi imel su riƙe kalmar sirrin a littafin shago. Na san tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanai ta 2023 wannan aiki ya koma hukumar kare bayanai ta NDPC, amma ku kuka faro shi da ƙa'idar 2019, ku ne kuma kuka ci kamfanin bashi na Soko tarar naira miliyan 10 a 2021. Dokar ta ba kowa damar cewa a daina turo masa talla. A Kantin Kwari ko Farm Centre, mutum nawa ne ya taɓa jin haka da Hausa?

Roƙona ba mai tsada ba ne. A bi adiresoshin .gov.ng ɗaya bayan ɗaya, a duba wanda ya kafa shaidun nan uku da wanda bai kafa ba, a wallafa sunayen kowa ya gani, a kuma ba da wa'adi. Aikin 'yan kwanaki ne ga injiniyoyinku, kunya kuma za ta yi abin da takardar umarni ta kasa. A fara da hukumomin da ke tura wa matasa saƙo da yawa, na jarrabawa da na ɗaukar aiki. Duk hukumar da za ta buɗe ɗaukar ma'aikata, ta sanar tun farko da adireshi guda da saƙonta zai fito, a karanta shi a gidajen rediyon Kano kamar yadda ake karanta sanarwar ɗaurin aure. Sannan a ba mu lamba ɗaya ta WhatsApp da za mu riƙa tura saƙon damfara idan mun gani, wadda mutum zai amsa, da Hausa in an rubuta da Hausa. Mu masu kafe mu ne ke fara ganinsu, tun kafin su bazu a gari.

Idan hukumarka ta shirya zama da masu kafe da cibiyoyin rajista a Kano, zan zo da abokan sana'a, da misalan saƙonnin da muka tara bayan mun goge sunayen masu su.

Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani mai kafe a Kabuga, Kano.