Wasiƙar Makaranta: Ƙwaƙwalwar Jariri da Ƙwayoyin Gado

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

A taron iyaye da malamai da ya wuce wata uwa ta min tambayar da har yau take raina, wai ko laifinta ne da ta haifi ɗanta da ƙaramin kai? Wallahi ba laifinki ba ne baiwar Allah.

Ƙwaƙwalwa da wuri take fara ginuwa, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Umarnin ginin yana cikin ƙwayoyin gado da ke jere a kan wasu siraran zaruruwa 46 da ake kira kuromozom, rabi na uba rabi na uwa, in aka samu tangarɗa a umarnin sai ginin ya karkace. Kamar larurar Down, kuromozom na 21 ne ke zuwa uku maimakon biyu, a Faransa aka gano haka a 1959. Akwai kuma ƙwayar gado mai suna ASPM da ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yawaita, uba da uwa za su iya ɗauke da mai matsalar alhali lafiyarsu lau ba su san komai ba, amma kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya zo da ƙaramin kai, to kun ga wa za a ɗora wa laifi a nan? Ita kuma wata ƙwayar gadon mai suna LIS1 in ta samu matsala ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ba sa isa mazauninsu, saman ƙwaƙwalwar ya fito sumul babu lanƙwasa, yaro ya yi ta fama da farfaɗiya. Wani sa'in ma sauyin sabo ne fil, a jikin yaron ya fara.

Ba duka ne gado ba fa. Shan folik asid, wani nau'in bitamin, maikirogiram 400 kullum tun kafin a ɗauki ciki yana rage matsalar rashin rufewar bututun nan sosai.

Muna da yara masu irin waɗannan larurori a ajujuwanmu kuma suna koyo, kowa da saurinsa, don Allah ku ja wa 'ya'yanku kunne kan tsokana da saka suna. Wanda ɗansa ke shan maganin farfaɗiya ya kawo wa malamin aji takardar likita da lokutan shan maganin kafin ƙarshen makon nan.

Wassalam,
Shugabar makaranta