Gwajin Hanji Da Ciwon Dajin Da Kan Ɓulla Bayansa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin jama'a kan gwajin da likita kan zura siririyar kyamara ta dubura don duba babban hanji. Wani maƙwabcina a nan Sakkwato an yi masa wannan gwaji, aka ce masa hanjinsa lafiya lau, amma bayan shekara 3 aka gano ciwon daji, alhali ya daɗe yana shan jiƙon basir saboda ya dogara da sakamakon farko.

Irin wannan yakan faru idan hanji bai wanku sosai da maganin da akan sha kafin gwajin ba, ko kyamarar ba ta kai ƙarshensa ba, ko kuma tsiron da kan iya zama daji ya kwanta shafe da bangon hanjin ɓangaren dama, inda ya fi wuyar gani. Shi ya sa ake son likita ya ɗauki aƙalla minti 6 yana dubawa yayin janye na'urar. A ganina, haƙƙin majinyaci ne ya tambayi yadda wankin ya kasance.

Tazarar shekara 10 da akan bayar kafin a sake gwajin, ta wanda ba shi da wata alamar ciwo ce. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko rama, ko ƙarancin jini, ya koma asibiti nan take.

Naku,
Mai karatu, Sakkwato.