Da a ce labaran zane na Turai ne suka mamaye duniya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai: yaya duniya za ta kasance da a ce littattafan labaran zane na Faransa da Beljiyam ne suka yi rinjaye, maimakon jaruman Amurka da manga na Japan?

Ba mafarki ba ne kacokan. Hergé, mai zane ɗan Beljiyam, ya fara zana labarin Tintin a 1929, labarin Asterix na Faransa ya fito a 1959, kuma dokar da Faransa ta kafa a 1949 kan littattafan yara ta taƙaita shigar na Amurka. Abin da ya dabaibaye littattafan Faransa da Beljiyam, a ganina, shi ne tsada. Littafinsu mai kauri ne a bango, mai launi, shafuka 48 galibi, kuma mai zane kan shafe shekara guda kafin ya kammala ɗaya, alhali Japanawa suna buga nasu kowane mako a takarda mai araha, baƙi da fari. Na tuna muna yara a Damagaram, mu biyar muke haɗa kai a kan kwafi ɗaya da bangonsa ya yage, domin babu mai kuɗin sayen nasa.

Da sun sauƙaƙa farashi, da wataƙila bikin labaran zane na garin Angoulême a Faransa ne zai zama matattarar masu zane ta duniya. Sai dai ina da fargaba ɗaya, domin duk wanda ya ga yadda aka zana baƙar fata a labarin Tintin a Kwango zai yi shakkar ko wannan rinjaye zai yi mana daɗi.

Naka,
Wani mai karatu, Damagaram